Tsumman da Kika Wanke

Gaweye, Yamai
Ranar Lahadi da hantsi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Yayarsu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga mahaifiyarki. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a kan hanyar da za ki kama ranar Asabar, ya kai ki lafiya ƙauyen da gwamnati ta tura ki koyarwa a ƙasar Tawa, ya haɗa ki da mutanen kirki, amin.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Ke ce ƴar farina. Yadda aka tashe mu a Gobir, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta kau da kai. Shekara ashirin da ɗaya ina bin wannan. Yau ina da maganar da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba, kuma ba zan iya barin ki tafi ban faɗa ba. Shi ya sa na zaunar da ƙanwarki Zainabu da alƙalaminta na lakkwal, wato makarantar boko, na ce ta rubuta kamar yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana don kunya. Za ta ɗora takardar a kan littattafan da kike shiryawa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni sanin sa. Wautar da na yi zan gaya miki, ɗaya bayan ɗaya.

Shekara uku ke nan, lokacin da nake shirin yaye autanmu Sani, na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, can wajen hammata. Bai wuce ƙwayar gujiya ba. Ina wanka na taɓa shi. Na danna, ban ji zafi ba, sai na ce ruwan nono ne ya daskare, in na yaye yaron zai narke. Na yaye shi, nonon ya ƙafe, abin yana nan. Duk da haka ban damu ba, don a ganina abin da ba ya ciwo ba cuta ba ne. Ai da haƙori ne ya hana ni barci, da tun ranar na nemi magani. Wannan kuwa ya bar ni ina daka, ina ɗaukar ruwa daga kogi, ina dariya. To ki riƙe wannan: rashin zafi ba shaida ba ce. Daga baya na ji daga bakin masu aikin asibiti cewa mugun shi ya fi zuwa shiru.

Da ya kai girman goro sai na gaya wa Hamsatu maƙwabciyarmu. Kin san ta, kin san zuciyarta. Ta duba ta ce, "Haba ƙawata, wannan ai jini ne ya taru. A kira wanzami ya ja shi da ƙaho, gobe ki manta." Aka kira wanzami, ya yi tsaga a gefe, ya kafa ƙaho, baƙin jini ya fito, muka ce alhamdu lillahi cuta ta fita. Tsagar ta warke, ƙullutu yana nan. Daga nan sai garin sassaƙe da ake kwaɓawa da man shanu, sai hayaƙi, sai wani ganye da aka kawo mini daga ƙetaren kogi. Damina guda da rani guda na yi a haka. Ba na zargin Hamsatu, abin da ta sani ta ba ni, kuma da ƙauna ta ba ni. Inda za ki ma za ki samu irinta, mata masu kirki da za su so ki kamar ƴarsu. Ki karɓi furarsu, ki karɓi addu'arsu, ki sha rubutu in an ba ki. Amma abin da ke cikin nama, ki kai shi inda ake iya dubawa.

Akwai kuma wani dalili da na riƙa ba kaina, mai kama da hankali. Shekarun nan kin ga yadda suka kasance. Ruwa ya ƙi, dabbobi suka ƙare, mutanen arewa suka cika bakin gari da bukkokin tabarma. Babanku yana kan hanya da babbar motar kamiyo yana kai jar dawar taimako, sai ya yi sati uku ban gan shi ba, in ya dawo idonsa ya faɗa, ba ya ma son ba da labarin abin da ya gani. Mata suna zuwa ƙofar gida da jarirai a baya suna roƙon dussa. Sai in ce wa kaina, ni da ke cin tuwo sau biyu, ina ni ina kai ƙarar goro guda asibiti? Na ɗauka haƙuri nake yi. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne na yafa wa mayafin haƙuri. Shirun da na yi bai ciyar da jariri ko ɗaya ba. Ke ma za ki je inda yunwa ta fi nan, za ki ga ɗalibanki suna zuwa aji ba su karya ba, za ki ji kunyar kula da kanki. Kada ki ji. In kin kwanta, ajin ne zai rufe.

Ranar da na fara zuwa asibiti, ni kaɗai na je, ban gaya wa kowa ba. Na shiga na tarar likitan namiji ne, saurayi ma, ba zai girmi ƙanena ba. Wani mai fassara yana tsaye a gefe, shi ma namiji. Aka ce, "Madam, me ke damun ki?" Na dubi ƙasa. Wallahi bakina da kansa ya ce, "Ciwon baya." Aka rubuta mini ƙwayoyi, na yi godiya har da durƙusawa, na fito. Na tsaya a bakin gada ina kallon ruwa ya janye ya bar yashi, ina jin haushin likitan da bai gane ba. Yaya zai gane abin da na lulluɓe da zane biyu? Na dawo gida na sha maganin bayan da ba ya ciwo har ya ƙare.

Babanku ne ya gani daga ƙarshe, lokacin abin ya kai ƙwan zabo, fatar wurin ta fara lotsawa ciki. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ina yawo ina kai wa mutanen da ban sani ba abinci, ashe gidana ake mutuwa ban sani ba." Wannan magana ta fi mini duka zafi. Shi ya je ya karɓo takardar ganin masu fiɗa. Ranar Laraba suke duba mata masu irin wannan.

Ina son ki san wurin nan tun kafin ki gan shi. Wata doguwar baranda ce mai dakalin siminti, mata a jere tun da sassafe, kowa da takardarta a ƙulle a bakin zane. Laraba biyar na yi ina zuwa kafin a yi mini aiki, bayan aiki kuma na yi ta komawa, har na iya gane abin da ya kawo mace tun ba ta buɗe baki ba.

Akwai masu goyo. Su ne masu kuka, nono ya kumbura ya yi ja, jiki ya yi zafi, jariri yana tsala ihu a baya. Su ake tausayi, amma su ne suka fi saurin samun sauƙi: a tsaga, a fitar da mugunya, a yi musu allura, bayan sati biyu ka gan su suna dariya suna ba da nono. Akwai ƴan mata, sa'anninki da waɗanda ba su kai ki ba, suna zaune a ƙarshen dakali sun rufe fuska, uwa ko gwaggo tana gadin su. Nasu ɗan ƙullutu ne mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa. Sai kuma mu, manya, masu shiru. A cikinmu akwai waɗanda suka zo da abin a rufe, akwai waɗanda sai da ya fashe ya zama gyambo, wari ya hana su zama cikin mutane, sannan aka ɗauko su daga ƙauye a kan amalanke. Waɗannan ba su zo neman warkewa ba, sun zo ne don gida ya gagara.

A Larabar farko na zauna kusa da wata tsohuwa Bazabarma daga Saga, manomiyar shinkafa, ana ce mata Gambi. Ta iya Hausar kasuwa. Ta lulluɓe ƙirjinta da tsummoki, ƙuda suna bin ta, amma bakinta bai mutu ba. Ta dubi zanen Gobir da ke fuskata, ta gaishe ni da Zabarmanci cikin wasan da ke tsakaninmu da su, ta ce, "Fofo, baiwata. Me ya fito da Bagobira daga ɗaka? Tuwo aka ce ana rabawa?"

Na ce, "Na zo in ga ko an fara yi wa Zabarmawa allurar hankali."

Ta yi dariya har ta dafe gefen ƙirji. Muka yi ta yi, mata suna taya mu. Ana cikin haka aka fito da wata daga ɗakin likita tana kuka, aka ce za a cire mata nono. Na miƙe a hankali, na gyara mayafi kamar mai zuwa kewaye. Ashe tsohuwar nan tana kallona. Ta cafke bakin zanena, hannunta kamar ƙarfe.

Ta ce, "Ina za ki?"

Na ce, "Yanzu zan dawo."

Ta ce, "Ƙarya kike, Bagobira. Ni ma haka na ce shekara biyu da suka wuce, a kan dakalin nan. Ga ni na dawo." Sai ta ɗaga tsumman kaɗan ta nuna mini. Ba zan sa Zainabu ta rubuta abin da na gani ba. Ta mayar ta rufe, ta ce, "Duk wannan tsagar da aka yi miki a fuska tun daga baki har kunne, kina jaririya, ba ki gudu ba. Sai wuƙar da za a sa miki kina barci? Zauna, kada ki ba Gobir kunya a gaban iyayen gijinki."

Na zauna. Ba ta saki zanena ba sai da aka kira sunana. Laraba ta uku ban gan ta ba. Na tambayi wata ƴar garinsu, ta ce an mayar da ita gida, kwana huɗu ta yi ta cika. Duk sallar da na yi ina sa ta a addu'a. Ki sa ta ke ma, don da ba ta riƙe zanen nan ba, da wata ce ke dafa wa su Sani tuwo yau.

A ɗakin likita ma sai da na ƙara wata wautar. Babban likitan fiɗa ya sa majo, wato shugabar masu jinya, wata dattijuwa mutuniyar Damagaram, ta tambaye ni ko a danginmu an taɓa yin irin wannan. Na ce a'a. Alhali ni na yi jinyar kakarki, uwata, a Tibiri. Ni nake wanke mata zane a ɓoye a bayan ɗaki. Aka ce sammu ne, aka ce daji ne, aka hana a faɗa a waje don kada a ƙi auren ƴaƴanta. Ta rasu ba ta taɓa ce mini ga abin da ke damunta ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, ga shi kuwa hannuna ne ke wanke jinin. Na ce wa majo a'a don ina ganin tona asirin uwata ne. Ke in an tambaye ki, ki ce: uwata ta yi, uwar uwata ta yi. Na yafe miki wannan tonon, ni na sa ki.

Aka yi mini aiki, aka cire nonon duka har da na cikin hammata. Likita ya ce ta bakin majo, da na zo tun yana gujiya da aikin bai kai haka ba, kuma ko yanzu sai an riƙa dubawa. Shi ya sa kike ganin ina fita wasu Larabobin in ce zan je kasuwa, in dawo kwando babu komai.

Yanzu na zo kan babbar wautar, wadda saboda ita na sa a rubuta takardar nan.

Lokacin aikin kina makarantar horon malamai a Damagaram. Na hana a gaya miki. Na ce karatunki zai lalace. Da kika zo hutu aka ce miki zazzaɓi na yi. Na ɗinka wani ɗan tsumma, na cusa masa auduga, ina sa shi a cikin riga don kada a ga gefe ɗaya ya faɗa. Wata rana na manta shi a kan katangar bayi. Na fito da sauri ina nema, babu. Da la'asar na shiga ɗaki na same shi a ƙarƙashin matashina, an wanke shi, an shanya, an naɗe, har an ɗinke inda ya fara warwarewa. Na san ɗinkinki, ke kaɗai ke mayar da allura baya sau biyu a gidan nan. Na jira ki yi magana, ba ki yi ba. Kika kawo mini ruwan alwala kika ajiye, kika ce, "Inna, ga ruwa," kika fita. A raina na ce, kai, yarinyar nan akwai kunya, akwai tarbiyya. Har na yi alfahari.

Sai shekaranjiya na gane abin da na koya miki.

Zainabu ta zo ta tsaya a kaina ina tankaɗe, sai hawaye. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Ta ce tun watan azumi kika sa ta taɓa wani abu a nononki na dama, kika sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ta ce kin ce ba ya ciwo. Ta ce kin ce in kin je can kin zauna, za ki ga yadda zai yi. Rariyar ta faɗi daga hannuna. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, ban kuwa taɓa faɗa miki su ba. Uwata ta yi shiru na wanke mata zane, ni na yi shiru kika wanke mini tsumma. Ba na son wata rana a ce ƴarki tana wanke naki.

Kada ki yi fushi da ƙanwarki. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba kafin ta faɗa, kuma na gaya mata kaffarar rantsuwar a wuyana take.

Ki saurare ni da kyau. Ban ce abin da ke jikinki irin nawa ba ne. Na gaya miki na ga ƴan mata da yawa a kan dakalin nan. Majo ta ce mini na masu ƙuruciya galibi ba mugu ba ne, wani a bar shi ana dubawa, wani a ɗan tsaga a cire, nono yana nan yadda Allah ya yi shi. Na ga wadda aka cire wa, bayan shekara ta dawo gaishe da majo da jariri a baya. Zuciyata tana gaya mini naki irin wannan ne. Amma zuciyata ta taɓa gaya mini nawa ruwan nono ne. Ni ban iya ganewa ba, ke ma duk karatunki ba ki iya ba, Hamsatu ba ta iya ba. Masu iyawa suna nan cikin garin nan, tafiyar ƙafa daga ƙofar gidanmu. Inda za ki kuwa, babanku ya san wurin, ya kai dawa can: ya ce daga ƙauyen zuwa inda likitan fiɗa yake, sai an kwana a hanya, in an samu mota ke nan.

Na san abin da kike tsoro. Tun da sojoji suka hau, ma'aikacin da bai isa wurin aikinsa ranar da aka sa masa ba, ba a sauraron uzurinsa da baki. Kina ganin in aka riƙe ki za a ba wata ajinki, wahalar shekarun nan ta tashi a banza. Na yi magana da babanku. I, na gaya masa, kada ki ɓoye fuska, shi ya haife ki. Ya ce in likita ya ce babu komai, ranar Asabar shi da kansa zai kai ki tasha. In kuma an ce sai an yi aiki, likitan zai ba da takarda da hatimi, babanku ya kai ta ofishin masu duba makarantu da hannunsa, ya zauna a ƙofar har a karɓa. Ya ce sojan ma takarda yake girmamawa. Ya riga ya roƙi maigidansa ya ɗaga masa tafiyar wannan satin. Jiya kuma na je na samu majo a gidanta, ta ce mu zo da wuri, za ta tsaya a ɗakin lokacin da za a duba ki.

In kin shiga, kada ki ce ciwon baya. Ke kin iya Faransanci, ba ki bukatar mai fassara. Ki faɗi wurin da sunansa, ki faɗi watan da kika fara jin sa, ki buɗe a duba. Kunyar minti biyar ce. Ni na guje mata, na biya da rabin ƙirjina.

Sauran nasihar da uwa ke yi wa mai tafiya, kin riga kin san ta. Ki riƙe salla. Ki gaida manyan gari kafin ki buɗe aji. Ki tafasa ruwan rijiya. Kada ki daki yaron da yunwa ta sa shi gyangyaɗi. Abu ɗaya zan ƙara: in kin saba da matan ƙauyen, za su riƙa kawo miki takardu ki karanta musu, daga nan za su fara gaya miki abin da ba su gaya wa kowa. Ranar da wata ta ja ki gefe ta ce akwai wani ɗan abu amma ba ya ciwo, ki riƙe bakin zanenta.

Ranar Laraba bayan sallar asuba zan tsaya a ƙofar gida da mayafina. Ba sai kin ce mini komai ba, ba sai kin dube ni ba. Ki fito kawai. Ni zan shiga gaba, na san hanya. Zan zauna kusa da ke a kan dakalin, kowa ya gani, duk wadda ta tambaya in ce ƴata ce, ta fari.

Zainabu ta tambaye ni sunan da za ta sa a bayan takarda. Na ce ba za ta rubuta shi da ka ba, sai ta ji daga bakina. Ta ɗago kai tana kallona. Ranar sunanki ina cikin ɗaki na ji liman ya faɗe shi a waje, na maimaita a zuci, tun daga ranar bai fito bakina ba. Yanzu na faɗa, da ƙarfi, har Sani ya leƙo ya ga wa nake kira.

Mariyama. Mariyama, ki zo mu je.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa abin da za mu ji ranar Laraba alheri ne. Allah ya tsare ki a gida da daji, ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a aikinki. Allah ya ba mu damina mai kyau, ya jiƙan Gambi da kakarki, ya sa in ga ƴaƴanki da idona. Amin.

Ni ce mahaifiyarki.

Yaya, ni ce Zainabu. Na rubuta duka yadda Inna ta faɗa, ban rage ba. Inda tawada ta ɓaci ba laifin alƙalami ba ne. Na san na karya alkawari. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi, na yarda, amma ki bari sai ranar Alhamis.